DARASI: Tsiro mai cin ƙwari, ƙudan ɗakin kaji da 'ya'yan tarwaɗa

  

Darasinmu na yau ya ɗan kauce wa abin da muka saba, amma ku daure ku karanta har ƙarshe, musamman ku masu ƙyanƙyasar tarwaɗa.

Wani ɗan'uwanmu daga Gwaram mai kajin ƙwai ne ya turo min bidiyo. Wani ɗan tsiro ne mai baki kamar tarko, ƙuda ya sauka a kai, ganyen ya rufe ruf. Ya ce ƙuda ya addabe shi a ɗakin kaji har maƙwabta sun fara magana, kuma ya ga ana tallar irin wannan tsiro a intanet. Tambayarsa ita ce, in ya saya ya jera a tukwane a bakin taga, zai rage masa ƙudan?

Amsa a gajarce: a'a Malam, riƙe kuɗinka ka ƙara a na dusa. Amma dalilin "a'a" ɗin shi ne darasin, domin mu ma muna da namu tsiron mai cin nama a fadamunmu, kuma shi ya fi shafar mai kifi fiye da wancan na bidiyo.

ME YA SA TSIRO ZAI CI ƘWARO?

Kusan duk tsiro da hasken rana yake haɗa abincinsa, har da waɗannan. Abin da yake nema a ƙasa shi ne sinadaran da muke saya a buhu, wato abin da ke cikin yuriya da NPK. To akwai wuraren da ƙasarsu kullum a jiƙe take, ruwa ya wanke ta tas, ga tsami, babu komai a cikinta na taki. Yawancin tsirrai ba sa rayuwa a nan. Waɗannan su ne Allah Ya ba su dabarar samo takinsu daga jikin ƙwari. Kenan ƙwaron ba tuwo ba ne a wurinsu, taki ne, kuma kaɗan suke buƙata.

Ku riƙe wannan da kyau don duk sauran bayanin a kansa ya ginu: tsiro ne na wurin da babu taki. In ka zuba masa taki saiwarsa ƙonewa take yi. Yanzu ka dubi gonarka. Ɗakin kaji taki ne tun daga ƙasa har iskar da ke ciki. Ruwan kwamin kifi kuwa taki ne narkakke, shi ya sa muke ban-ruwan alayyahu da shi. Kun ga tun daga nan ba su dace da juna ba.

NA CIKIN BIDIYON

Sunansa Venus flytrap. A duk duniya wuri ɗaya yake fitowa da kansa, wani ɗan yanki na gaɓar teku a jihohin Karolina ta Arewa da ta Kudu a Amurka. Charles Darwin ya yi dogon bayani a kansa a littafin da ya fitar a 1875 kan tsirrai masu cin ƙwari. A cikin ganyen akwai 'yan gasu tsaye. In ƙwaro ya taɓa sau ɗaya babu abin da zai faru, sai ya sake taɓawa a cikin daƙiƙa 20 ko kusa da haka sannan ganyen ya rufe. Wannan ne yake hana shi ɓata ƙarfinsa a kan ɗigon ruwan sama.

To mu yi lissafi irin namu na 'yan kasuwa. Baki ɗaya ƙwaro ɗaya yake kamawa, kuma sai ya yi kwana 5 zuwa 12 yana narkar da shi kafin ya sake buɗewa. Bayan ya ci sau uku ko huɗu ganyen baƙi yake yi ya mutu, sai wani ya fito. Tukunya guda da ƙyar za ka ga baki ya wuce bakwai a jikinta. A ɗaya ɓangaren, macen ƙuda ɗaya tana zuba ƙwai wajen 100 a lokaci guda, tana iya kai 500 a rayuwarta, kuma a zafi irin namu daga ƙwai zuwa ƙuda mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne. Tukunya nawa za ka jera? Ko ka cika tsakar gida ba za ka kamo su ba.

Wannan ma in ya rayu kenan. Yana buƙatar wata uku na sanyi sosai kowace shekara don ya yi barci, sanyin da ya fi hunturunmu ƙarfi. Zafin Afrilu da Mayu na Birnin Kudu da ke haura 40 kuwa, ga busasshiyar iska, ba nasa ba ne. Sannan daga iri zuwa tsiro mai iya kama ƙuda shekara uku zuwa huɗu ne. Masu tallar iri da hoton tsiro shuɗi ko mai kalar bakan-gizo, wannan hoton gyara shi aka yi da kwamfuta, babu irinsa.

Maganin ƙuda mun sha faɗa: ƙuda a jiƙaƙƙen kashi yake haihuwa. Gyara mazubin ruwan da ke ɗiga, ka riƙa juya buntun shinkafa ko garin katakon da ka shimfiɗa, wurin da ya jiƙe ka kwashe nan take. Masu keji ku kwashe kashi kafin ya cika mako, a kai shi nesa a baza ya bushe ko a rufe da leda. Fasasshen ƙwai da mushen kaza kada su kwana. In ka yi wannan ka karya zagayen kafin tsutsa ta zama ƙuda.

NAMU NA GIDA

Yanzu mu zo kan wanda ya fi damuna. Akwai wata ciyawar ruwa da masana ke kira Utricularia. Danginta sun haura kala 200, suna daga cikin dangogi mafi yawa a cikin tsirrai masu cin nama, kuma ana samun su a kowace nahiya ban da ta ƙanƙara da ke can ƙarshen kudu. Wasu daga cikinsu, irin su Utricularia stellaris da Utricularia gibba, 'yan gida ne a Afirka ta Yamma, suna nan a tafkuna da fadamun arewacin Najeriya har zuwa tafkin Chadi. Ni dai a nan zan riƙa kiranta mai-tarko don sauƙi.

Da yawanku kun sha taka ta ba ku sani ba. Wurin da take so shi ne ruwa kwantacce mai haske, mara zurfi: ramukan da ruwa ke bari a gefen kogin Bunga bayan ya ja baya, gefen fadamar shinkafa, kududdufin da shanu ba sa yawan shiga, tsakanin bado da kainuwa. Daga Agusta zuwa Oktoba ta fi fitowa fili, lokacin da ruwa ya kwanta ya washe.

Yadda za ka gane ta: ba ta da saiwa ko kaɗan, yawo take a ƙarƙashin fuskar ruwa. In ka ɗago ta za ka ga dogon zare mai ganye sirara kamar gashi. Saka ta a farin kwano da ruwa ka duba da kyau, za ka ga 'yan jakunkuna birjik a jikin ganyen, girman ƙwayar gero ko ƙasa da haka. Wasu farare-farare ne kana hango cikinsu, wasu baƙaƙe. Baƙaƙen nan sun ci sun ƙoshi. Furenta ƙarami ne, galibi ruwan ɗorawa, yana tsayawa a kan ɗan sanda sama da ruwa. Ita stellaris har da wasu 'yan kumbura-kumbura a zagaye da sandan kamar tauraro, su ke riƙe furen kada ya nutse. Gansakuka ba ta da jaka, santsi gare ta. Akwai kuma wata ciyawar ruwa mai kama da ita amma mai kaushi a hannu, ita ma ba jaka. Jakar ita ce shaida.

Aikin jakar abin mamaki ne wallahi. Tana fitar da ruwan da ke cikinta waje har ta lotse, kamar ka matse robar ruwa ka toshe bakinta da yatsa. A bakin akwai ɗan ƙyaure da gasu. Da ƙaramar halitta ta goga gashin, ƙyauren ya buɗe, ruwa ya afka ciki da ita, ƙyauren ya koma. Duk wannan a cikin ɗan ƙanƙanin kashi na daƙiƙa, ido ba ya gani. Bayan minti 15 zuwa 30 ta sake ɗana kanta. Kuma reshe ɗaya yana ɗauke da ɗaruruwan irin wannan jaka. Ka ga wannan ba irin lissafin tsiron bidiyo ba ne.

INA RUWAN MAI KIFI?

Abu uku ne, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

Na farko shi ne wanda mutane suka fi jin tsoro, wato ta kama ɗan kifin kansa. Yana faruwa. Tun a 1884 wani malamin jami'ar Oxford a Ingila mai suna Moseley ya rubuta a mujallar Nature cewa an ga irin wannan ciyawa ta kama 'ya'yan kifi sabbin ƙyanƙyasa, wasu ta kai, wasu ta wutsiya. Ba sai ta haɗiye shi duka ba, in ta riƙe wutsiya ya kasa kuɓucewa shi kenan. Ɗan tarwaɗa ranar da ya fito daga ƙwai bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba, ga jakar gwaiduwa a cikinsa, ba ya iya iyo sosai sai bayan kwana uku. A wannan makon na farko ne yake cikin haɗari. Amma fingalin da jubenal, balle babban kifi, ba abin da za ta yi musu. Kada wani ya je ya ce na ce ciyawa na cinye kifi mai rabin kilo.

Na biyu shi ne ainihin ɓarnar a ganina. Bayan kwana ukun nan da gwaiduwa ta ƙare, ɗan kifi abinci mai rai yake nema, waɗannan ƙananan halittun da ke tsalle-tsalle a ruwa, ƙuman ruwa, irin su Moina da Daphnia. Masu hali suna sayen Artemia na gwangwani, wanda kun san kuɗinsa. Masu kwamin ƙasa kuwa taki suke zubawa tun kafin su saki 'ya'yan don ƙuman ruwan su yawaita. To babban abincin mai-tarko shi ne waɗannan ƙuman. Kenan kai ka yi wahala ka haɗa wa 'ya'yanka abinci, ita tana gefe tana zuƙewa dare da rana. 'Ya'yan da ba su ƙoshi ba ba sa girma tare, wasu su fi wasu, kuma kun san halin tarwaɗa, babba ya haɗiye ƙarami.

Na uku shi ne 'yan rakiya. Duk ciyawar da ka ɗebo daga fadama ba ita kaɗai take zuwa ba. Akwai 'ya'yan mazari da ke maƙale a jiki, waɗanda su mafarauta ne na gaske, ɗaya yana iya yi wa 'ya'yan kifi ɗauki ɗai-ɗai. Akwai ƙwan kwaɗi, matsattsaku, da ƙananan dodon-koɗi.

Ni kaina na taɓa yin wannan kuskuren a farkon shigata ƙyanƙyasa. Zafi ya yi yawa, na ce bari in yi wa ƙaramin kwamin reno inuwa, na sa yaro ya ɗebo min kainuwa a wani kududdufi na bayan gari, muka juye yadda take. Ruwan da ya fara cika da ƙuma sai na ga yana washewa kamar na rijiya, ni kuma ina murna wai ruwa ya yi tsabta. Ranar da muka zo tacewa, abin da na samu bai kai abin da zan faɗa a nan ba. Da muka kwashe ciyawar sai ga zaren nan mai baƙaƙen jaka cunkus a ƙarƙashin kainuwar, ga 'ya'yan mazari sun yi ɓul-ɓul. Su biyun suka raba min jarina.

Don haka ga mai reno: kada ciyawar daji ta shiga kwamin da 'ya'ya ba su kai wata ɗaya ba. In inuwa kake so, yi rumfa da zana ko raga. In daga fadama ko kogi kake jawo ruwa, ɗaura raga mai ƙananan ido a bakin bututu, don ɗan guntun da bai kai farce ba yana iya zama sabuwar ciyawa, musamman gibba. Kafin kowane zubi a zubar da ruwa, a bar ƙasan kwami ya bushe har ya tsage, a barbaɗa farar ƙasa ta gona, sannan a cika. Koma da bokitin da suka shiga fadama kada su shiga wurin reno sai sun bushe a rana. A babban kwami da ake ciyarwa kullum kuwa ba sai ka damu ba, ruwan ya yi mata taki da yawa, kore zai rufe ta ta mutu da kanta.

WANDA KE SO YA SHUKA TA

Duk da haka ban ce a tsane ta ba. A Turai da Amurka da Japan akwai masu kiwon waɗannan tsirrai don sha'awa, kamar yadda wasunmu ke kiwon tattabaru. Wasu suna haƙa ɗan rami su shimfiɗa leda su yi ƙaramar fadama a lambu, wasu a akwatin gilas a ɗaki. Mu da take fitowa kyauta a bayan gari, ga malaman makaranta da ke cikinmu, wannan abin nuna wa ɗalibai ne da ya fi zane a allo. Kuma ta fi na Amurka sauƙi nesa ba kusa ba, don zafin nan nata ne.

Nemi baho na roba ko tsohon bokitin fenti mai lita 20, a wanke shi sosai, kada a bar sabulu. Zuba yashin kogi kamar kaurin yatsa biyu, amma ka wanke yashin har sai ruwan ya fita fari. A kan yashin sa ɗan dunƙulen busasshen haki ko karan shinkafa, cikin tafin hannu ɗaya ya isa, ka danne da dutse. Amfaninsa, yana ruɓewa a hankali ya ba ruwan ɗan tsami da kala kamar shayi mara ƙarfi, kuma a nan ƙananan halittun da za ta ci suke haihuwa. In ka cika shi da yawa ruwan wari zai yi.

Ruwa shi ne komai. Ruwan sama ya fi, amma a bar na farko ya wanke kwano tukuna. Wanda ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki shi ma yana yi. Ruwan burtsatse ya danganta da wuri, in naku yana barin farin dabbare a buta to bai dace ba. Masu abin gwajin pH, tsakanin 5.5 da 7 ake so. Ruwan kwami da ruwan wankin mazubin kaji, ko kusa.

Cika bahon ka bar shi mako guda ya kwanta, sannan ka je ɗebo ciyawar. A nan zan ja kunne: sa takalmin roba da safar hannu, kada kuma a tura yara su shiga. Ƙananan dodon-koɗin da ke irin wannan ruwa su ke ɗauke da tsargiya, cutar fitsarin jini, kuma ta fata take shiga. Reshe biyu ko uku masu koren kai sun isa. Ɗauraye su a ruwa mai tsabta sau uku a farin kwano, ka tsince duk abin da ke motsi da duk wani ƙwai mai yauƙi, sannan ka saki a bahon. Ba a binne ta, a sama take zama.

Ajiye bahon inda zai sami ranar safe zuwa hantsi, da rana ta take inuwa ta rufe shi. Gindin darbejiya ta gabas ya yi. Taki kuwa ko ƙwaya ɗaya, na sake faɗa. Babban abokin gabarta gansakuka ce. In ka ga zaren kore ya fara naɗe ta, rana ta yi yawa ko ruwan ya yi ƙarfi: cire da tsinke, ka rage rana, ka canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan. Da hunturu da bazara ruwa na saurin ƙafewa, a riƙa ƙarawa da ruwan saman da aka adana. In tana jin daɗi za ka ga kan yana tsawo, gindin yana ruɓewa, haka take tafiya, ba mutuwa take ba.

Masu son kwalba ko akwatin gilas don a riƙa ganin jakunkunan, yana yiwuwa, amma kada a rufe baki kuma kada rana ta buge gilas ɗin kai tsaye. Awa ɗaya ta azahar ta isa ta dafa ta.

Wani zai ce to ai sai in zuba ta don maganin sauro. Gaskiya ne tana kama tsutsar sauro, musamman ƙanana. Amma ba ta kama duka, kuma baho mai ruwa a tsakar gida gayyatar sauro ne. Ni ina rufe nawa da guntun tsohon gidan sauro da aka wanke, in ɗaure da roba, sannan duk mako in zuba mata rabin kofi na ruwa mai ƙuma. Rabin kofi kawai, kuma a tace ƙuman a ɗauraye in daga ruwan taki suka fito.

Akwai kuma wani ɗan'uwanta na tudu, Drosera indica, shi ma ana samunsa a Najeriya a jiƙaƙƙen yashi. Ganyensa sirara ne masu gashi, kowane gashi da ɗigo a kai kamar raɓa, ƙananan ƙwari suna maƙalewa kamar a danƙo. Na damina ne, yana zubar da iri ya mutu. Masu zuwa wajen duwatsun Birnin Kudu, irin su Habude da Mesa inda zanen mutanen da yake, ku riƙa duba inda ruwa ke tsattsafowa a gindin dutse. Wanda ya samu ya ɗebi iri kaɗan, kada ya tumɓuke duka. Shukarsa a tukunyar roba mai huji, yashi wankakke haɗe da garin ɓawon kwakwa da aka jiƙa aka wanke sau da yawa don fitar da gishiri, a barbaɗa irin a sama ba a rufewa, a ɗora tukunyar a faranti mai ruwan sama kullum. Irin wannan tukunya masu 'yar na'urar TDS su tabbatar ruwan bai wuce 50 ba.

Ko wanne ka shuka, nesa da ɗakin kaji saboda ƙura da warin amoniya, nesa da kwamin reno, kuma kofi da bokitinsa daban. Ranar da ka gaji da mai-tarko kada ka juye ta a magudanar da ke bi ta gona, zuba ta a busasshiyar ƙasa rana ta gama da ita.

Ɗan'uwa na Gwaram, ka fara da mazubin ruwan nan da kwashe kashi, bayan mako biyu ka ba mu labari. Darasi na gaba in sha Allahu a kan yadda ake haɗa ƙuman ruwa a baho da kashin kaji ne, don masu son rage sayen Artemia.